Hanyar Macizai ta ƙasar Amurka: mai neman akwati da mai neman maciji, wa ke ɓata daji?

Ƴan uwa manoma da makiyaya, kun san burtali. Hanya ce da ake bar ma dabbobi tsakanin gonaki, don su tafi mashaya su komo ba tare da rigima ba. To, a ƙasar Amurka akwai wurin da gwamnati ta yanka ma macizai burtali. Sau biyu kowace shekara ana rufe hanyar mota, a bar macizai da kwaɗi da kunkuru su ƙetare. Sunan wurin Hanyar Macizai. Can za mu kai ku wannan wata, don akwai gardamar da ake yi bisa wurare irin wannan, kuma ta isa a saurare ta.

Inda wurin yake

Wurin yana cikin jihar Ilinoy, can ƙarshenta wajen kudu. Daga birnin Shikago zuwa can ya fi kilomita 500. Sunan dajin Shoni. Gandun gwamnati ne tun 1939. Faɗinsa ya wuce hekta 100,000, kuma yana tsakanin manyan gulabe biyu, Misisipi da Ohayo.

Hanyar ba ta da kwalta, tsakuwa ce. Lambarta 345. Yankin da ake rufewa kamar kilomita 4 ne. Mai tafiya ƙasa yana gama shi cikin awa guda, in bai tsaya kallo ba.

In ka tsaya bisa hanyar, daga gabas dutse ne a tsaye kamar ganuwa. Tsawonsa ya kai mita 45, wani wuri ma ya fi. Jikinsa duk tsaguwa ne da ƙananan koguna. Daga yamma kuwa fadama ce mai ruwa kwance da itatuwa tsaye cikin ruwan. Sunanta Laru. Da, nan ne wani gulbi mai laka yake bi. Da ya sake hanya, sai ya bar fadamar.

Me ya sa macizai ke ƙetarewa

Ƙasar tana da sanyi mai tsanani. Ruwa yana daskarewa. Maciji kuwa ba ya da ɗumin jiki na kansa, sai wanda ya samu daga rana. Don haka in sanyi ya gabato, sai su bar fadama su shige tsaguwar dutse, can ciki inda sanyi ba ya kai. Nan suke kwance wata da watanni, kamar yadda gaiwa ke kwanciya cikin laka da rani. In ɗumi ya komo, sai su sauko fadama neman kifi da kwaɗi. Zuwa da komowa, sai sun bi ta bisa hanyar mota.

Da, motoci suna take su da yawa. A 1972 hukumar gandun daji ta fara rufe hanyar, sati uku kowane zuwa. Da anka ga sati uku bai isa ba, a 1996 anka mai da shi wata biyu. Yanzu ana rufewa daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Mayu, sannan daga 1 ga Satumba zuwa 30 ga Oktoba. Mota ba ta shiga. Mai tafiya ƙasa kuwa ba a hana shi ba.

Akwai macizai fiye da iri 20 a wurin. Uku suna da dafi. Wanda anka fi gani shi ne baki-auduga, macijin ruwa mai kauri. In ya tsorata sai ya buɗe baki, ka ga ciki fari kamar auduga. Na biyu kansa kamar jan ƙarfe. Na uku yana da caki a wutsiya, yana kaɗawa don gargaɗi. Akwai kuma wata halitta da ake ce ma salamanda. Siffarta ta ƙadangare, fatarta ta kwaɗo. Irin da ke zaune bakin koguna nan ja-ja ne mai ɗige-ɗigen baƙi. Ba ya da huhu, da fatarsa yake numfashi. In fatar ta bushe, ya mutu. Ku riƙe wannan, za mu komo gare shi.

Masu farautar maciji

In an rufe hanya, mutane suna zuwa daga nesa, har daga wasu ƙasashe. Ana ce da su mafarautan macizai da kwaɗi. Amma yawancinsu ba baka, ba sanda, ba buhu. Makaminsu ido da na'urar ɗaukar hoto. Su ga dabba, su ɗauki hotonta, su rubuta sunanta, su wuce. A Hanyar Macizai doka ta hana kama kowace dabba. Ta hana shiga da ƙugiyar ɗaga maciji, ko awartaki, ko buhun zubawa. Ma'aikatan gandun daji suna sintiri, don akwai masu kamu a ɓoye su sayar ma masu kiwon macizai cikin gida.

Cikin Amurka, ga yadda da yawa daga mafarautan nan ke nema. Suna ɗaga dutse, suna birkice gungume, suna leƙa ƙarƙashi. Nan ne ƙananan dabbobi ke fakewa.

Masu neman akwati

Akwai wata jama'a kuma da ke yawo cikin dazuzzukan Amurka. Su ba ruwansu da maciji. Wasa suke yi, sunansa jiyokashin, mu ce wasan ɓoyon akwati. Ga yadda ya samo asali.

Kun ji labarin GPS, na'urar da ke karɓar saƙo daga taurarin ɗan adam ta gaya ma mutum inda yake tsaye. Yau tana cikin wayoyin salula da yawa. Da, sojan Amurka suna rage mata ƙarfi da gangan, har ta yi ma farar hula kuskuren mita 100. A farkon watan Mayu na 2000 gwamnatinsu ta bar yin haka. Kuskuren ya komo kamar mita 10. Ranar 3 ga Mayu 2000 wani mutum mai suna Dave Ulmer ya ɓoye baƙin bokiti cikin daji a jihar Oregon. Ya sa littattafai ciki, da ɗan kuɗi, da gwangwanin wake, da ɗan littafin sa hannu. Ya ba da lambobin wurin, ya ce a nemo. Cikin ƴan kwanaki anka gano shi.

Yau akwai akwatuna fiye da miliyan 3 a ɓoye cikin ƙasashe fiye da 190. Wani ƙarami kamar kan yatsa, wani kamar kwanon awo. Mai nema ya bi waya har wurin. In ya samu, ya sa hannu cikin littafi. In ya ɗauki abu, ya aje wani madadinsa. Sannan ya mai da akwatin inda yake. Iyaye suna zuwa da yara. Mutanen birni da ba su taɓa shiga daji ba, ta nan sunka fara.

Ina ɓarnar take?

Mafarautan macizai suna kuka da masu akwati. Sun ce suna tattake musu wurare. Masu akwati sun ce: mu roba muke nema, ku ne masu taɓa dabba. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani. Bari mu duba da kyau.

Akwatin kansa ba ya cin komi. Abin dubawa shi ne ƙafa da hannu.

Na farko, ƙafa. Akwati ba ya motsi. Yana wuri guda shekara da shekaru, kuma kowa wurin nan zai zo. Mutum guda ya ratsa ciyawa, gobe ta miƙe. Mutum ɗari su bi sawu guda, turba ta fito. Ƙasa ta taurare, ciyawa ta mutu, ruwan sama ya samu hanya ya fara zaizaya. Yau da gobe ke sa allura ginin rijiya. Masu wasan da kansu sun san haka, har wani da ganin sabuwar turba yake gane inda akwati yake.

Na biyu, hannu. Waya ba ta nuna akwati daidai. Tana kai mutum kusa, ta bar shi da mita 5 ko 10. Sauran aiki na hannu ne. Ke nan fili mai faɗin mita 20 ana lalube shi: a ɗaga dutse, a birkice gungume, a ɓare ɓawon itace, a zura hannu cikin rami. Wannan ya tafi, gobe wani ya zo ya sake.

Ku ce wani ya ɓoye akwati a gindin dutsen nan na Laru, bakin tsaguwar da macizai ke shiga. Hanya ana rufe ta wata huɗu cikin shekara, amma mai neman akwati yana iya zuwa kowace rana. Ga ɓarna ga dabba, ga hatsari ga mai zura hannu.

Dutsen da ya daɗe kwance ɗaki ne. Gefensa ya manne da ƙasa. Ƙarƙashinsa akwai sanyi da laima, da tsutsotsi da ƙwari. In an ɗaga shi an bar shi birkice, iska ta shiga, wurin ya bushe. Salamandar nan mai numfashi da fata ta rasa gida. Ƙwai da ke ƙarƙashi ya lalace. In an sake shi da ƙarfi, ya danne abin da ke ciki.

An gwada wannan magana a wata ƙasa mai nisa, Ostiraliya. Can akwai wani maciji mai faɗin kai da ya kusa ƙarewa. Yana fakewa ƙarƙashin faffaɗan duwatsu. Malaman jami'ar Sidni sun duba, sun buga abin da sunka gani a 2010. Dutsen da anka gusar, ko kaɗan ne, dabbobi suna ƙin sa, don ramin da ke ƙarƙashi ya sake. In an mai da shi daidai mazauninsa, sai su komo. Yawancin masu gusar da duwatsun nan kuwa masu neman macizai ne.

To, kun gani. Hannun da ke neman roba da hannun da ke neman maciji, aiki guda suke yi ma dutse. Bambancinsu kaɗan ne. Mafarauci ya san abin da ke ƙarƙashi, kuma na kirki yana mai da dutse yadda ya same shi. Amma shi yana nufin gidan dabba da gangan, yana ɗaga duwatsu da yawa cikin yini guda. Mai akwati filinsa ƙarami ne, amma ba ya hutawa, kuma sau da yawa bai san gidan wani yake tonewa ba.

Akwai na uku, cuta. Wata cuta mai kamar makero tana cin fatar macizai. An gan ta cikin jihar Ilinoy tun 2008. Wata kuma ta kashe kwaɗi da yawa a duniya. Ƙwayoyinsu suna iya zama cikin ƙasa ko ruwa. Shi ya sa masana ke ce ma duk mai yawon daji ya wanke laka daga takalmi kafin ya tafi wata fadama. Wannan gargaɗi ya hau kan su duka.

Maganin da anka samo

Masu wasan akwati suna da dokokinsu. Ba a gina rami a binne akwati. Ba a sa abinci ciki, don kada dabba ta tone. Tsakanin akwati da akwati sai an bar mita 161. Sai an nemi izinin mai wuri. A manyan gandayen ƙasa na Amurka ba a aje akwati sai shugaban gandu ya yarda. Tun 2002 suna da ranakun gayya, su fita su kwashe shara cikin daji. Tun 2004 kuma akwai wasan da babu akwati ko kaɗan: waya ta kai ka gaban dutse ko maɓuɓɓugar ruwa, ka duba, ka amsa tambaya bisa abin da ka gani. Ba abin ɗagawa, ba abin tonewa.

Ke nan amsar tambayarmu ita ce: i, wasan yana iya ɓarna, amma ɓarnar tana ga inda anka aje akwati. Wanda ke rataye kusa da turbar da kowa ke bi, ko wajen aje motoci, ba ya cutar kowa. Wanda ke cikin tarin duwatsu, ko ruɓaɓɓen gungume, ko bakin kogo, ko gefen kududdufin da kwaɗi ke ƙwai, shi ne ɗan hakin da ka raina. Mai ɓoyewa shi ke da babban nauyi, don shi ke zaɓa ma mutum ɗari inda za su taka. In turba ta fara fitowa, sai ya ɗauke akwatinsa, wuri ya huta.

Hanyar Macizai ta nuna cewa mutane da dabbobi suna iya raba wuri guda. Fiye da shekara 50 ke nan ana rufe ta. Ba a kori kowa ba. An dai sa lokaci, an sa iyaka, an sa masu tsaro. Wanda ya tsaya bisa tsakuwar hanya ya yi haƙuri, maciji da kansa zai zo ya gitta gabansa, ba sai ya taɓa dutse ko guda ba.

Ƴan uwa, mun san maciji ba abokin wasa ba ne. Amma manomi ya san wanda ke rage masa ɓeraye. In aiki ya sa ka ɗaga dutse cikin daji, ɗaga shi da sanda, ka buɗe ta gefen da ke nesa da ƙafarka. In ba ka bukatarsa, mai da shi yadda ka same shi.

Sai wata mai zuwa. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka.