Kayan Shaida A Ɗakin Ajiye Gawa

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a jaridarka, in yi wa 'yan'uwana akawuna da malamai bayanin wani aiki wanda mutane ke ƙyama, amma kuwa ran mutum yakan rataya a kansa. Ni dai na yi shekaru ina riƙe da littafin ɗakin ajiye gawa na wani babban asibiti, wanda ma'aikata ke kira mutuware. Nan 'yan sanda ke kawo wanda ya yi mutuwar da ake tuhuma, domin likita ya duba ya faɗi sanadinta.

Abin da na koya a can shi ne, kayan shaida ba su da baki. Harsashi ba ya faɗin jikin da aka ciro shi, kwalbar jini kuwa duk kama ɗaya suke. Takardar da ke biye da abu ita ce bakinsa. Ran da aka kai shi gaban alƙali, abin da za a fara tambaya shi ne wa ya ciro shi, wa ya karɓa, ina ya kwana. In aka sami sa'a guda wadda ba mai iya faɗin inda abin yake, to, bango ya tsage, ƙadangare kuwa ya sami wurin shiga.

Ga yadda aikin yake. Da zuwan gawa sai a ba ta lamba, a rubuta a littafi tare da rana da sa'a da sunan ɗan sandan da ya kawo ta, a ɗaura lambar a hannu ko a ƙafa. Duk abin da aka ɗauka daga jikinta, wannan lamba za ta bi shi. Tufafin da suka jiƙe da jini a kan shanya su a inuwa su bushe, sa'an nan a sa kowane cikin jakar takarda dabam, domin leda takan riƙe damshi, fumfuna ta lalata shaida. Igiyar da aka samu a wuya ba a kwance ƙullinta, sai a yanke ta nesa da ƙullin, gama irin ɗaurin ma shaida ne. Harsashi ba a kama shi da hantsakin ƙarfe tsirara, don kada a ɓata zanen da bakin bindiga ya yi masa. Farcen hannun dama da na hagu kowane da ambulan ɗinsa. Bayan haka a liƙe, likita ya sa hannu a kan liƙin, a kulle. Kowa ya karɓa ya sa hannu, kowa ya bayar ya sa hannu. In an yi kuskuren rubutu ba a gogewa, sai a ja layi ɗaya a kai yadda za a iya karanta na farko. Yanzu wurare da yawa sun koma kwamfuta, amma ƙa'idar tana nan yadda take.

Domin a ga amfanin wannan wahala, bari in kawo labari biyu na ƙasashen Turawa. Ran 29 ga Satumba, 1935, aka tsinci gunduwa-gunduwar jikin mutum a wani kwazazzabo kusa da garin Mofat a ƙasar Sikotlan, wajen guda 70. Wanda ya yi aikin ya cire duk alamun da za a gane mamatan da su. Aka kai su jami'ar Edinbara, inda Farfesa Glaister da Farfesa Brash suka harhaɗa su, suka tabbata mata biyu ne. Amma masu binciken ba su yar da tsummokaran da aka naɗe gunduwoyin da su ba. Cikinsu akwai jaridar Sunday Graphic ta ran 15 ga Satumba, irin bugun da aka sayar a yankin Lankasta kaɗai, a Ingila. Akwai kuma wata rigar mata mai faci. A Lankasta kuwa matar wani likita, Buck Ruxton, ta ɓace tare da yarinyar da ke aikin gidansa, mutanen gidan su yarinyar kuma suka gane rigar ta wurin facin nan. Har tsutsar da ke jikin naman an ɗebe ta, aka san kimanin kwanakin da ya yi a wurin. Aka yi wa Ruxton shari'a a Mancesta, aka rataye shi ran 12 ga Mayu, 1936. Jama'a ku duba, da wani ya ce tsumma ne ya watsar, da yaya ke nan?

Na biyun a Amurka ya faru. A 1994 aka kashe mutum biyu a birnin Los Anjalas, aka tuhumi O. J. Simpson, sanannen ɗan wasa. Wurin shari'a babban likitan gawa na birnin ya yarda an rubuta fitsari a kan kwalbar da ke da ruwan maɗaciya, an kuma zubar da abin da ke cikin cikin matar da aka kashe. Jinin da aka ɗiba a jikin Simpson kuwa, wani ɗan sanda ya yi sa'o'i yana ɗauke da shi bai shigar da shi littafi ba. Lauyoyi suka riƙe waɗannan da wasunsu, suka ce ba a amince da kayan shaidar ba. Ran 3 ga Oktoba, 1995, aka sallame shi. Har yanzu mutane na gardama a kan hukuncin, kuma sakacin nan yana cikin abin da ya jawo gardamar.

Saboda haka ina da roƙo biyu. Na farko ga akawuna: layin da ka ga ƙarami ne a littafi, mai yiwuwa shi ne zai kuɓutar da marar laifi daga kurkuku bayan shekara goma, tun da yanzu ana iya gwada ƙwayoyin halitta a tsohon tabon jini, in dai an adana shi da lambarsa. Na biyu ga dangin mamaci. Na sha ganinsu suna kuka, suna roƙon a ba su rigar ɗan'uwansu ko zobensa, in an hana su kuma su ga kamar rashin tausayi ne. Lalle abin da ciwo. Amma ku yi haƙuri, ku nemi a ba ku lambar da aka rubuta kayan da ita, ku adana ta. Rigar nan ita ce za ta yi magana a madadin ɗan'uwanku ran da aka zauna shari'a.

Haza wasalam.

Ni ne naka,
Tsohon Akawun Asibiti.