Alƙawarin da Bai Tsallako Iyaka Ba

Sana'ata cika takardun fiton kaya ce a Magama, bakin iyakar Jibiya, inda hanyar Katsina ke miƙewa zuwa Ɗan Isa da Maraɗi. A tsawon shekarun da na yi ina wannan aiki kwamfutoci huɗu suka ratsa hannuna, dukkansu na kamfani guda. Ban tsaya ga saye kawai ba, har talla nake yi musu kyauta. Duk abokin aikin da ya nemi shawarata, tambarinsu nake nuna masa.

Ukun farko na hannu ne. Ta huɗun ce kaɗai na saya sabuwa fil, a kwalinta, a Kano, farkon shekarar 2021. Lokacin iyaka tana rufe tun watan Agustan 2019, ta Jibiya kuwa ba a buɗe ta ba sai Afrilun 2022. Aikin fito ya tsaya cik, abin da ya rage mini shi ne buga wasiƙu da riƙe wa 'yan kasuwar hatsi lissafi. Da tsohuwar ta fara gardama, sai na sayar da babur ɗina na sayi sabuwa, don kuwa tana ɗauke da garantin shekara guda. A tunanina kwanciyar hankali na saya.

Cikin watan Oktoba, wata safiya, na danna ta ƙi tashi. Tun Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar saboda matsalar tsaro, har da Jibiya, don haka sai da na shiga mota zuwa birnin Katsina kafin in sami damar kiran kamfanin. Sau uku na yi wannan tafiya, na dawo da amsoshi uku.

A ta farko, wata murya mai ladabi ta umarce ni da in sauke manhajar binciken lafiya a kan kwamfutar. Na ce mata ai ko haske ba ta kawowa. Ta ba ni haƙuri, ta sake karanta mini umarnin daga farko. A ta biyu aka nemi lambar da ke manne a bayan injin, aka duba, aka shaida mini cewa don kasuwar Gabas ta Tsakiya aka ƙera ta, garantinta ma a can yake aiki. A ta uku aka yi mini abin da suka kira alfarma: in aika da ita Legas da kuɗina, su duba. Idan suka ga ƙura ce ko wutar lantarki ta lalata ta, ni zan biya gyaran, kuma ba ruwansu da bayanan da ke ciki. Wato lissafin mutum goma sha ɗaya da suka ba ni amanar dukiyarsu.

Amsa ta biyu ce ta fi yi mini ciwo, domin ni ya kamata in fi kowa gane ta. Kullum nakan gaya wa fatake cewa a bakin iyaka takarda ta fi kaya magana. Manyan kamfanoni sukan rarraba duniya shiyya-shiyya, kowace da farashinta, da dillalanta, da wuraren gyaranta. Kuɗin hidimar da za a yi wa mai saye yana cikin farashin shiyyarsa. Ɗan kasuwarmu kuwa yakan saro daga Dubai saboda ya fi sauƙi. Kayan ba jabu ba ne, amma a littafin kamfanin ba su taɓa zuwa Najeriya ba. Hausawa na cewa alƙawari kaya ne. Ni dai na ga kayan da suka iso, alƙawarin ya tsaya a inda aka ɗauko su.

Ko ga wanda ya saya ta hannun dillalin da aka amince da shi, sharuɗɗan ba su san irin rayuwarmu ba. Wanda ya rubuta su bai taɓa share ƙurar hunturu daga kan teburi sau uku a wuni ba, bai kuma san wutar janareta mai hawa da sauka ba. Abin da ya ɗauka ganganci ne, a wurinmu shi ne yau da kullum.

Daga ƙarshe Kano na koma, wurin wani matashi mai gyara. Ya kwance ta, ya bi allon injin da na'urar awo, ya ɗago ya ce, "Alhaji, ba mutuwa ta yi ba, suma ta yi." Wani ɗan ƙaramin abu ne, bai kai ƙwayar shinkafa ba, ya ƙone kusa da mashigar caji. Ya ciro irinsa daga wata matacciyar kwamfuta ya liƙa. Kafin la'asar ta tashi, lissafin mutane na nan yadda na bar shi. Na tambaye shi ko kamfanin na ba su taswirar injin ko kayan gyara. Dariya kawai ya yi.

A wasu ƙasashe doka ta fara shiga tsakani. Tun 2021 Faransa ta wajabta a rubuta wa kwamfutar hannu maki bisa goma da ke nuna sauƙin gyaranta, a 2024 kuma Tarayyar Turai ta zartar da dokar haƙƙin gyara. Mu ma muna da dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 da hukumar FCCPC, sai dai ni kaina ban san da su ba a lokacin, balle in nemi mai shagon da ya sayar mini ya ɗauki alhaki.

Kwamfutar tana nan, da ita nake rubuta wannan. Abin da ya canza shi ne shawarata. Yanzu idan abokin aiki ya tambaye ni wace zai saya, ba na ambaton suna. Nakan ce kafin ya miƙa kuɗi ya sa lambar injin a shafin kamfanin ya ga ƙasar da garantin ya sani, ya karɓi rasit mai sunan shago, sannan ya tambayi masu gyara wace ce suke da kayanta a ƙasa.