Komawa Gida: A Wace Shiya Za Mu Sauka?

Hausawa sun ce komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, amma ba su gaya mana a wane gefen ƙasar zai faɗo ba. Duk ma'aikacin da ya yi zaman baƙunta a wani gari yana da wata magana da yakan yi wa abokansa a bakin ofis, wato "in Allah Ya kai mu ritaya gida za mu koma." Maganar tana da daɗin faɗi muddin ranar tana nesa. Sai ranar ta zo, an miƙa wa mutum takarda, an yi masa addu'a, sannan zai tarar kalmar nan "gida" ta rabu kashi-kashi, kowane kashi yana jan rigarsa.

Mun bar ƙasarmu a 1989, lokacin Birnin Kebbi tana hedkwatar ƙaramar hukuma a ƙarƙashin Jihar Sakkwato. Shekara 2 bayan tafiyarmu, ranar 27 ga Agusta 1991, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙirƙiro Jihar Kebbi, garin da muka sani da 'yan tituna ƙidayayyu ya wayi gari babban birnin jiha. Mu kuwa muna Kaduna, muna zuwa da salla ko rasuwa, mu kwana 3 mu juya. Mai irin wannan zuwa ba ya ganin girman gari, domin daga tasha sai gidan dangi, daga gidan dangi sai tasha. Da muka cika shekara 35 a bakin aiki a 2024 muka ɗaure kaya, sai muka tarar da birnin da yake kiran sunanmu daidai, alhali mu ba mu san sunayen rabin unguwanninsa ba.

Asalinmu Zauro ne, a kan hanyar da ta tashi daga Birnin Kebbi ta bi ta Ambursa ta nufi Argungu. Can aka binne mahaifinmu, can kuma Inna take, ta haura shekara 80, ga ciwon ƙafa ga hawan jini. Uwargida kuwa Bakaba ce 'yar Argungu. Yara 2 da suka rage a gabanmu haihuwar Kaduna ne, Hausarsu ta Kaduna ce, in kakarsu ta yi musu magana sai sun waiwayo sun dube mu neman fassara. Kuɗin da ke hannu kuwa na sallama ne, irin kuɗin da ba ya zuwa sau biyu. In aka zuba shi a inda bai dace ba, babu wani albashi a gaba da zai gyara. Wannan shi ne abin da ya hana mu barci, ba zaɓen launin fenti ba.

Zauro muka fara dubawa, domin ita ce ta fi ƙarfin hujja. Yayanmu ya kama hannunmu ya kai mu bayan gida ya nuna mana kangon da ke nan tun muna yara, ya ce, "Ga wurinka nan, ba mai ce maka kawo ko sisi." Wanda bai san Zauro ba zai ɗauka ƙauye ne kawai a gefen titi, amma duk wanda ya tsaya a bakin tudu ya dubi fadamar Rima da rani, ya ga shinkafa kore shar har iyakar ganinsa, ya ji ƙarar injinan ban-ruwa ta ko'ina, zai san cewa a nan arzikin jihar yake kwance. Tun muna 'yan makaranta muke jin labarin babban aikin noman rani na Zauro, wanda aka tsara zai tare ruwa ya shayar da sama da hekta 10,000 tsakanin Argungu da Birnin Kebbi. Ɗan gwaji aka yi a lokacin, manoma kuwa ba su zauna jira ba, kowa ya haƙa 'yar rijiyarsa a gona ya sayi injinsa. A Nuwamba 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Kebbi ya ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance ta hannun Babban Bankin Nijeriya, a 2021 kuma a Zauro ɗin nan aka jera dalar buhunan shinkafa, har muka ga garinmu a talabijin muna zaune a Kaduna. Yaran da muka bari suna kiwon awaki, yau wasunsu suna da babura da gidajen bulo, da kuɗin shinkafa.

To amma fadama ba ta ba da kyauta sai da sharaɗi. Ruwan da ke rayar da ita shi ne kuma yake cinye ta. Ambaliyar 2010 da ta 2020 ba wanda ya manta da su a wannan yanki. A ta 2020 gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa suka nutse ana gab da girbi, mutane suka fito da bashi maimakon buhu. Ga sauro, wanda a bakin fadama ba ya jiran damina. Waɗannan duk da sauƙi, tunda garin kansa a kan tudu yake. Abin da ya fi nauyi shi ne wanda ba a faɗa a gaban yaya. Mutumin da ya dawo daga birni da sunan ya yi ritaya, a idon dangi ya dawo da taska ne. In ya zauna a tsakiyar gidan gado, zaurensa ya zama ofishin kowa: mai neman kuɗin taki, mai neman kuɗin magani, mai ƙarar ɗan'uwansa a kan iyakar gona. Ba mu ƙi zumunci ba, Allah Ya sani, amma fansho bai kai girman sunan da ake ba shi ba, kuma wanda ya ce "babu" sau 3 a gidan ubansa ya zama abin labari. Uwargida ta faɗi tata a taƙaice, ta ce, "Malam, shekara 30 ina dafa tukunyata ni kaɗai, yanzu kuma a ce in koma layin girki da matan yayyenka?" Ba mu da amsar wannan.

Argungu ba ta daɗe a kan faifai ba, ko da yake ta fi ko'ina daɗin zama a ganinmu. Gari ne mai natsuwa da ya san kansa, ga fadar Sarkin Kabi, ga gidan tarihin Kanta, ga Matan Fada inda ake bikin kamun kifin da ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, wanda hukumar UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2016. Kifi kuwa sai wanda ka zaɓa. Sai dai namiji ya tattara ya tare a garin surukansa ya bar mahaifiyarsa a baya, ko ba a faɗa a gabansa ba za a faɗa a bayansa. Uwargida da kanta ta janye maganar. A wannan tafiyar ce ƙaramin yaronmu ya yi tambayar da ta fi ƙarfin shekarunsa, ya ce don me Sarkin Kabi yake Argungu, Birnin Kebbi kuma take da Sarkin Gwandu? Muka ba shi labarin yadda birnin ya faɗa hannun masu jihadi a 1805 ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, Kabawa suka kafa sabuwar fada a Argungu, sarakunan Gwandu kuma suka zauna Ambursa, nan kusa da mu, kafin fadarsu ta koma Birnin Kebbi a zamanin Turawa. Ashe har sarakuna sun sha wannan shawara ta inda za a sauka.

Saura birnin kansa. A nan mutanenmu ba su cika cewa unguwa ba, shiya suke cewa, kuma kowace shiya da halinta. Cikin tsohon gari, wajen fada da kewayenta, shi ne inda kunnen marubuci zai ƙoshi. Mun yi yammaci guda a wani dakali muna sauraron tsofaffi, muka ji kalmomin da muka yi shekaru ba mu ji ba, Hausar da ake cewa "mi kaka so" da "wanga" da "tahi", wadda littattafanmu suka yi wa rowar wuri. 'Yan'uwa marubuta, wanda duk yake son ya rubuta maganar mutane yadda suke yin ta, ya nemi irin wannan dakali ya zauna, ya rufe bakinsa. Amma a can ba a sayar da gida sai gado ya rikice, wanda kuwa ya sayi gidan rikici ya sayi shari'a. Lungunan ma ba su shigar mota, mu kuwa muna da marar lafiya da wata rana za a ɗauka da tsakar dare.

GRA da Gesse muka leƙa muka fito. Tituna a shimfiɗe, itatuwa, shiru kamar an yi ruwa an ɗauke. Dillali ya faɗi kuɗin wani fili, muka yi masa godiya. Ko da kuɗin ya kai, akwai abin da ya tsaya mana a rai: doguwar katanga da ƙofar ƙarfe, maƙwabci bai san maƙwabci ba sai a gilashin mota. Irin wannan zama muka baro. Malamai sun ce a nemi maƙwabci kafin a nemi gida, kuma mutumin da ya haura 60 in yana duban maƙwabci, yana duban wanda zai fara shigowa ne ranar da aka ji kuka a gidansa.

Badariya da Bayan Kara da Rafin Atiku da Tudun Wada kuwa cike suke da rai, ga 'yan kabu-kabu, ga shaguna, ga makarantun Islamiyya, ga ma'aikata daga Zuru da Yawuri da sauran sassan jiha. Yara sun so nan, don ya fi kama da inda suka tashi. Ta wajen hanyar Kalgo ma gari yana ta miƙewa tun da aka kafa jami'ar tarayya a 2013, filaye suna ta tsada saboda masu gina ɗakunan haya. Sai dai wannan ɓangaren ya ba Zauro baya.

A wannan yawo mun koyi cewa dillali da rani yake son kai mutum ganin fili, lokacin da ko'ina yake busasshe, kwari da tudu duk ɗaya. Saboda haka muka kama hayar shekara guda, muka ƙi sayen komai sai da watan Agusta ya kama. Wani fili da aka yi mana rantsuwa a kansa a watan Maris, a wata shiya da ba za mu ambata ba, da muka koma bayan ruwan kwana 2 sai muka tarar da agwagi suna iyo a inda aka ce nan ne falo. Mun kuma daina tambayar masu gida labarin ruwan sha, sai 'yan garuwa, domin su ne suka san inda rijiyar burtsatse take ƙafewa in zafin Afrilu ya haura digiri 40, da inda ruwan yake da ɗanɗano. Ladan ya fi kowa sanin ko mutanen shiya suna fitowa asuba. Mai shayi ya san ko ana sata. Takarda kuwa, ba mu yarda da ta mai unguwa kaɗai ba sai da muka je ofishin filaye aka buɗe fayil muka gani da idonmu, muka kuma nemi magadan mai filin ɗaya bayan ɗaya, har da mata, kowa ya sa hannu.

Daga ƙarshe wajen Gwadangaji muka tsaya, a bakin gari ta hanyar Argungu. Ba ita ta fi kyau ba, kuma ba wanda ya yi tsalle don murna a cikinmu. Amma daga nan, in an kira mu daga Zauro, kafin shayi ya huce mun isa. In kuma jikin Inna ya tashi, Asibitin Sir Yahaya yana bayanmu ba nisa. Uwargida in ta tsaya a bakin titi motar Argungu za ta tsaya mata. Dangi suna iya zuwa, amma sai wanda ya yi niyya. Filin tudu ne mai jan ƙasa, maƙwabcinmu na dama malamin firamare ne mai ritaya, na hagu kuma mai sayar da buhunan shinkafa, wanda tun ba mu tare ba ya aiko mana da ruwa a lokacin gini. Mun yi ɗaki 4, muka ware ƙarami guda don littattafai, muka ɗora kwalayen a kan bulo saboda gara, muka sa sola daidai ƙarfinmu, fanka 2 da fitila.

Ɗaki mafi kusa da ƙofa na Inna ne, an yi masa bayi a ciki, ba matakala ko ɗaya. Da muka je ɗauko ta sai ta saurare mu har muka gama, sannan ta ce, "Allah Shi yi albarka. Amma ni ba ni barin gidan ga. Nan ubanku yab bar ni, nan za a ɗauke ni." Yaya ya sa baki, ta ce masa ya yi shiru. Zuwa yanzu sau 2 ta zo, sau 1 ta kwana, da gari ya waye ta ce shiyar tamu ba a jin daka, a mayar da ita. Ɗakin yana nan a share, uwargida tana canza zanen gado duk Juma'a. Mu kuma kullum bayan la'asar muna kan hanyar Zauro da kwanon tuwo da maganin hawan jini, ƙaramin yaron yana riƙe da kwanon a baya, ya fara cewa "mi" a maimakon "me".