Bin sawun igiyar ruwa a Japan

Aboki, ka san ni mutumin tudu ne, ruwa mafi girma da na sani kafin wannan tafiya shi ne madatsar Tiga. Ranar da na sauka Tokiyo na canji kuɗi, aka miƙo mini sabuwar takardar yen 1000 da aka fitar a 2024. A bayanta wata igiyar ruwa ce ta miƙe tsaye ta buɗe farata, kamar shaho zai suri ɗan tsako. Na sha ganinta a jikin riguna, amma ban taɓa tambayar wanda ya zana ta ba.

Washegari na nufi unguwar Sumida, gidan tarihin mai zanen, Hokusai, wanda aka haifa a yankin a 1760. Na shiga ina ɗaga kai, a zatona hoton zai cika bango. Ashe bai fi allon almajiri ba! Sai da na matsa kusa na ga kwalekwale uku na masu kai kifi kasuwa, matuƙa sun duƙa sun ƙanƙame, ga dutsen Fuji can nesa ya zama ɗan mitsitsi. Hokusai ya yi shi wajen 1831, yana da kimanin shekara saba'in.

Jahilcina na biyu, na ɗauka da hannu aka shafa launin. A wani ɗan shagon bugawa na ga yadda abin yake. Mai zane ya zana, masassaƙi ya sassaƙa zanen a kan katako, kowane launi da nasa katakon, sannan mabugi ya ɗora takarda ya murza da wani ɗan faifai da suke kira baren. Ya ɗaga, ya sake katako, ya murza. Kuskure kaɗan, kumfar ruwa ta hau kan kwalekwale. Shuɗin nan mai kama da na marinar Ƙofar Mata kuwa daga ƙasashen waje ake shigo da shi a lokacin.

Daga nan na yi kudu maso yamma zuwa mashigin Naruto, tsakanin tsibiran Shikoku da Awaji, don in ga ruwa mai juyi da wani mai zane, Hiroshige, ya zana a 1855. Na isa da hantsi, na hau hanyar da ke ƙarƙashin gadar mashigin, mita 45 sama da teku, na leƙa ta gilashin da ke ƙasa. Ruwa kwance luf, kamar kunu a ƙwarya.

Wata dattijuwa ta nuna mini jadawali a bango tana murmushi. Teku na cikowa yana janyewa, wata ne ke jan sa, kuma juyin sai a kan lokacinsa. Ni da na san wata don azumi da salla kawai. Na zauna na jira awa uku. Da azahar ruwa ya fara gudu kamar kogi a tsakiyar damina, ya murɗa, ya buɗe rami. Na janye ƙafata daga kan gilashin.