Kowane Abinci da Abokin Tafiyarsa

A unguwarmu ta GRA da ke Katsina da wuya mako ya wuce ba a yi walima ba, ko ta aure, ko ta suna, ko ta ƙarin girma a wurin aiki. Abin da za a raba kuwa kowa ya haddace shi tun daga gida: soyayyar shinkafa, cinyar kaza, da lemon kwalba mai sanyi. Ni ban ƙi shinkafa ba. Abin da ke damuna shi ne, da za a rufe wa baƙo ido a zaunar da shi gaban wannan faranti, ba zai iya cewa a Katsina yake ko Abuja ko Fatakwal ba. Abincin ba shi da gari, abin shan da aka jingina masa kuma duk ɗaya ne, ko me aka dafa.

Wannan ne ya sa sha'anin Italiya ke ba ni sha'awa. Ƙasar ba ta dunƙule ta zama ɗaya ba sai a 1861, kuma har yau yankunanta 20 kowane na tinƙaho da tukunyarsa. Mutumin Nafoli da fizarsa, mutumin Milan da shinkafarsa da ake rinawa da za'afaran, mutumin Toskana da gasasshen namansa mai kauri. Cukun nan da ake kira Parmigiano Reggiano, doka ta hana a laƙaba wa wani cuku sunansa sai wanda aka yi a Farma da Rejiyo Emiliya da Modena da wasu sassan maƙwabtansu, aka kuma ajiye shi ya kwana aƙalla wata 12. Da aka buɗe shagon McDonald's a tsakiyar birnin Rum a 1986, ɓacin ran da ya biyo baya ne ya haifi ƙungiyar Slow Food ta Carlo Petrini, mai fafutukar kada abincin gaggawa ya haɗiye na gargajiya.

Su a can, kowane girki yana da giyar inabin da ke raka shi, kuma galibi daga ƙasa ɗaya suke fitowa. Chianti na tafiya da naman Toskana, Lambrusco mai kumfa da ɗan tsami na tafiya da abincin Emiliya mai maiƙo, tun 1963 ma suka yi dokar da ke ɗaure sunan giya da yankin da aka noma inabinta. Giya dai haramun ce gare mu, ba kuma ita nake yi wa talla ba. Hikimar da ke ƙarƙashin al'adar nake nufi: abin sha ba don kashe ƙishirwa kaɗai ake kawo shi ba, yana da aikin da yake yi wa abincin.

Iyayenmu mata sun san wannan ba tare da wata doka ba. Ƙosai mai ne ya soya shi, sai aka haɗa shi da koko ko kunun tsamiya, domin tsami shi ke wanke maiƙo daga baki ya sa a sake miƙa hannu. Duk wanda ya sha ruwa da su a watan azumi ya san abin da nake faɗa. Dambu a bushe yake, don haka kunun zaƙi ko zoɓo ke bin bayansa. Tsire da balangu, masu yaji da kitse, shayi mai zafi ne abokinsu, shi ya sa mai shayi da mai nama ba sa nisa da juna a bakin titi. Maijego kuwa kunun kanwa ake dama mata. Fura ita ce sarauniya, don ita abinci ce kuma abin sha: gero ne aka surfa, aka daka da citta da kanumfari da barkono, aka dafa, aka kirɓa, sannan nonon Fulani ya zo da tsaminsa ya daidaita ta. A gidan da na tashi a cikin birni, idan rana ta take babu mai tambayar me za a sha. Ƙwarya da ludayi sun riga sun amsa.

Muna kuma da abincin da ke ɗauke da sunan gari, kamar gurasar Kano da masar Bauchi. Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu farkawa a nan. Sun yi wa albasar Galmi da kilishinsu rajistar asali a ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde, ta yadda sunan ya zama dukiyar masu sana'ar, ba wanda zai ara ya yafa wa kayan da ba nasu ba. Daga Katsina zuwa Maraɗi ba wata tafiya ba ce, amma a wannan fanni tazarar tana da yawa.

Wani zai ce ai fura ba ta ɓace ba, ga ta nan ana markaɗawa da inji ana zubawa a robobi. Gaskiya ne, ina ma saye. Sai dai an mayar da ita kayan marmari da ake sha bayan an ƙoshi da wani abu, an cika ta da sukari har yajin ya ɓuya. Kuɗin da ake kashewa a kan katan-katan na lemo a walima ɗaya kuwa, da zai isa hannun manomin gero na Jibiya ko Kaita, da Bafulatanar da ta ɗauko nono tun asuba, da matar da ke dama kunu a cikin gida tana ciyar da marayu, da ya daɗe yana zagayawa a tsakaninmu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yara. Kwanan baya na tambayi wasu 'yan makwabta, waɗanda aka haifa a nan GRA, da me ake cin ƙosai. Babban cikinsu ya yi ɗan tunani, ya ce da burodi. Ƙanwarsa ta ce ita ba ta shan koko, wai yana da tsami.