Karnen likita amana ne

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ƴan uwa, ranar Talata bayan La'asar wani magidanci ya tsayar da ni a bakin masallaci, da karnen likita na matarsa a hannu. Ya ce an nemi izinin kwafar abin da ke ciki domin bincike, yana tambaya ko ya halatta. Na roƙe shi ya ba ni kwana biyu, domin tambayar ta fama mini wani tsohon miki.

A shekarar 2014 aka fara gwajin wani rigakafin zawo na jarirai a gundumarmu ta Madarunfa, ƙarƙashin Ma'aikatar Lafiya da cibiyar Epicentre ta ƙungiyar MSF. Ana ɗiga wa jariri maganin a baki sau uku, sa'an nan a riƙa bibiyarsa ana rubuta duk zawon da ya yi. Ƴata ta zo neman shawara a kan ɗanta, na hana ta, ban kuwa tambayi kowa komai ba.

Tsorona yana da tushe. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kimanin 200, 11 suka rasu, iyaye kuma suka ce ba a bayyana musu cewa gwaji ne ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Amma a 2017 sakamako ya fito: daga bayanan jarirai fiye da 3,500, an ga rigakafin yana kare wajen biyu cikin uku na zawo mai tsanani da ƙwayar rota ke kawowa, kuma yana jure zafi irin na ƙasarmu. Ni da nake sallatar gawar jarirai, na san nauyin wannan lissafi. Wasu iyaye mata sun ba da labarin ƴaƴansu aka amfana, ni kuwa na yi fatawa da zato. Allah Ya yafe mini.

Ga abin da na fahimta bayan nazari. Asalin ciwon mutum sirrinsa ne, likita kuwa amintacce ne a kansa. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Burunai a 1993, ta tabbatar cewa tona sirrin majiyyaci haramun ne, sai in mai shi ya yi izini ko wata maslaha mai rinjaye ta tilasta. Nijar ma ta kafa dokar kare bayanan mutane a 2017. Saboda haka wanda ya ba da bayanansa da sani da yarda domin a gano magani, muna fata ya yi sadaka. Wanda ya ɗauka a ɓoye ko da yaudara ya ci amana, ko da niyyarsa kyakkyawa ce. Wanda ya ƙi kuma bai yi zunubi ba, ba a kuma hana shi magani don ya ƙi.

Kafin ka dangwala hannu, ka tambaya: wa ke binciken, kuma da izinin wace hukuma? Za a cire sunana? Wa zai ga takardun? Zan iya janyewa? A karanta maka da Hausa, a gaban wanda ka amince da shi.

Da magidancin ya dawo, na ce masa: "Malam, karnen nan ba naka ba ne, nata ne. Ka koma ku yi shawara, ita ce mai izini."

Daga ƙarshe, mu binciki kanmu. Muna tsoron baƙo ya ga karnenmu, alhali mu ne ke zuwa dubiya mu dawo majalisa muna baza cewa wane tarin fuka gare shi, wance kuma yoyon fitsari. Wannan tonon ba ya warkar da kowa, kuma za a tambaye mu a kansa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan ƴaƴanmu da suka riga mu, Ya suturce mu duniya da lahira. Wallahu a'alam.

Wassalamu alaikum.