Kada Ka Sauke Injin Motar Babanka Tukuna

Tudun Wada, Kaduna.

Zuwa ga ɗana Ɗanjuma, a Ribah.

  Yaya aka ji da aikin kaka? Allah Ya sa a ci lafiya.

Maganar da muka fara a waya ranar Juma'a sabis bai bari mun gama ba, kuma ba magana ce ta tsaitsaye ba. Shi ya sa na zauna na rubuta, na ba wani direban Zuru ya kawo maka. Ga abin da na ji daga bakinka: da safe Fijo ba ta tashi sai an tara yaran unguwa sun tura ta. In ta tashi sai ta kama karkarwa, kana ɗaga ƙafa daga totur ta mutu. Amma da ta hau hanyar Zuru ta yi zafi, sai ta tafi sumul. Hausawa sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi, to motar babanka ta haɗa duka biyun. Kuma ka ce bakanikenku ya ce sai an sauke inji, ko a sayo wata kafireta.

Ban yarda ba. Injin da ya gaji har ya kai a sauke shi ba ya ɓuya. Yana shan baƙin mai, yana fitar da hayaƙi shuɗi-shuɗi ta salansa, in an yi masa lodin masara ya kasa hawan tudu. Na tambaye ka duka ukun, ka ce babu ko ɗaya. Motar da ke jan kaya daga Wasagu zuwa Ribah ba nishi, ciwonta ƙarami ne, yana wani wuri da kuɗin gyaransa ba zai kai na buhun dawa ba.

Ka san irin motar da ke hannunka. Peugeot 504 ce, haɗin nan Kakuri, inda aka fara haɗa Fijo a 1975, aka kuma ci gaba da fitar da 504 har bayan shekarar 2000, Faransa kuwa ta daɗe da barinta. Babu kwamfuta a cikinta, babu abin da sai an jona na'ura kafin a gane. Abu huɗu take nema: wuta, iska, mai, da matsi a cikin silinda. Ka bi su a jere, mai araha kafin mai tsada, kuma kada ka taɓa abu biyu a lokaci guda, domin in ta warke ba za ka san wanne ya warkar da ita ba.

Fara da kunnenka. Gobe da asuba, kafin a tura, murɗa makulli ka saurara. In sitata tana juyawa da nauyi kamar mai jin barci, ko ka ji ƙas-ƙas kawai, to maganar batir ce. Motar da ke tashi da turi amma ba ta tashi da makulli sau da yawa nan matsalarta take, saboda sitata na zuƙe wutar duka, ta bar kwayil ba abin da zai ba fulogi. Kwance kawunan batir, wanke farin garin nan da ya taru da ruwan zafi, goge da samfefa, ka ɗaure tamau. Ka bi baƙar wayar da ke ɗaure a jikin mota, ita ma ka kankare tsatsar gindinta. In akwai rewaya mai mita kusa, ya auna maka: cikakken batir 12.6 yake nunawa, yayin da ake murɗa makulli kada ya faɗi ƙasa da 10 sosai, in inji na aiki kuma ya kai wajen 14. Bai kai ba, to caji ne babu, a duba fanbel ko ya saki.

In kuwa inji na juyawa da ƙarfi amma bai kama ba, sai ka koma kan wuta. Zare wayar tsakiya daga kan distiributa, riƙe ta da filaya mai hannun roba kusa da ƙarfen inji, wani ya murɗa makulli. Wuta shuɗiya mai ƙara ɗas-ɗas ake so. Ja ko rawaya mai sanyi, rauni ne. Buɗe murfin distiributa ka kai shi rana ka duba ko ya tsage, ko akwai wani baƙin zane siriri a ciki kamar an ja da fensir. Ƙurar hunturu da raɓar asuba in suka haɗu a nan, wuta sai ta bi ta kansu ta tsere. Sannan ka dubi kontak. Ɗan robar da ke gogar sandar tsakiya yana cinyewa a hankali, bakin kontak ya yi ta rufewa, taimin ya ja baya, mota ta wahalar da kai da safe ta kuma yi rawa a silo. Tazararsa milimita 0.40 ce. Mu da muna gwadawa da kwalin sigari, amma ka nemi ma'auni na gaske, ba shi da tsada. In bakin ya ƙone ya yi rami, canza shi tare da kwandansa.

Fulogi kuwa ba sa ƙarya. Kwance su huɗu, ka jera su a kan kwali yadda suke a jikin inji, kada ka cuɗanya. Mai launin ɓawon gyaɗa soyayya lafiya lau yake. Baƙi mai kunkunniya busasshiya, mai ya yi yawa. Fari fat kamar alli, iska ta fi mai. Mai danshin baƙin mai, wannan ne kaɗai zai sa in fara tunanin ringi. Ka kula da abu ɗaya da yake rikita yaran gareji: a Fijo silinda ta ɗaya ita ce ta baya, wajen kuloci, ba ta gaban lagireto ba, kuma wuta na bi 1, 3, 4, 2. In ka mayar da su, ta da motar, ka riƙa zare wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Wadda ka zare inji ya ƙara lalacewa, tana aiki. Wadda ka zare bai ko ji ba, can ɓarawon yake.

Amma in ka tambaye ni inda zuciyata ta fi karkata, iska ce ke shiga ta inda bai kamata ba. Bari in ba ka labari, don da babanka aka yi, Allah Ya jiƙansa. Muna samari, motar wani ubangidanmu ta yi irin wannan rawa. Kwana uku muna kanta. Muka wanke kafireta sau biyu, muka canza fulogi, daga ƙarshe muka sa mutumin ya sayo wata kafireta. Aka ɗaura, rawa na nan daram. Ran nan da magariba, gareji ya yi tsit, babanka ya sunkuya zai ɗauki sifana, sai ya ce, "Yaya, ka ji wani huci kamar na maciji?" Muka bi sautin da kunne har bayan inji. Tiyon da ke tafiya wajen tukunyar birki ne ya tsage ta ƙasa, inda ido ba ya kaiwa, tsagar ba ta kai tsawon farce ba. Da wuƙa ya yanke bakin ya mayar, mota ta kwanta luf. Har ya rasu, in muka haɗu sai ya ce mini, "Yaya, ina kafiretar Alhaji?"

Dalilin a fili yake. A silo, ƙofar kafireta kusan rufe take, ɗan mai kaɗan inji ke samu, don haka ko ƙaramar iska ta shigo ta ɓarauniyar hanya sai ta tsinka haɗin mai da iska. Da ka taka totur, iskar da ke shiga ta yi yawa, ta tsagar nan ba ta komai. Ka ga ya yi daidai da abin da ka faɗa mini, rawa a tsaye, lafiya a guje. To ka matse tiyon birkin da filaya inji na aiki, ka ji ko ya natsu. Duba ɗan siririn tiyon da ke zuwa distiributa. Kama kafireta ka girgiza, hanyoyinku masu gargada suna kwance notinta. Ka ɗiga ruwa kaɗan a gindinta, in muryar inji ta canza, gasket ne. Ruwa na ce, kada wani ya ce maka a watsa fetur a kan inji mai zafi.

Sai mai. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kowa ya koma sayen lita biyu lita uku, tanki kullum a ƙasa, famfo yana tsotso tsatsa da laka na shekara da shekaru. Ga na 'yan bumburutu, wani da ruwa, wani da kananzir. Zare tiyon mai daga kafireta, sa bakinsa a farar kwalba, a murɗa makulli. Ya kamata ya riƙa tsartowa da ƙarfi. Ajiye kwalbar minti goma, in da ruwa za ka gan shi kwance a ƙasa. Canza filtar mai ko da ta yi maka kyau a ido. Filtar iska ma a kakkaɓe ta, na san ƙurar hanyar Bena. Ka kuma leƙa ka tabbata in ka ja cok da safe faifan yana rufewa, domin sau da yawa wayar ce ta suɓuce, direba yana ta jan banza.

Bayan duk wannan ne za a taɓa kafireta, kuma ba duka ba. Ɗan jet ɗin silo kawai za a kwance a hura da iska. Kada a zura masa waya ko allura, ramin ya faɗaɗa, ka dawo kana kukan shan mai. Daga nan a saita bawul inji na sanyi, na shiga 0.10, na fita 0.25. Bawul da ya matse yana zubar da matsi, shi ma yana kawo ciwon nan biyu. Af, ka tambaya ko an cire mata abin nan da ke tsare ruwa har inji ya yi ɗumi. Bakanikenmu na ƙasar nan da sun gan shi sai su jefar, wai yana kawo zafi, alhali rashinsa ke sa inji ya daɗe yana rawar sanyi a hunturu.

In an yi duka ba ta daina ba, a kai ta Zuru wurin mai ma'aunin matsi, a gwada silinda huɗun a gabanka, ka rubuto mini lambobin. Sai na gani kafin kowa ya sa sifana a kan inji. Kontak da kwandansa da gasket kuwa kada ka saya a can, zan shiga Panteka da kaina in zaɓo, in aiko maka mako mai zuwa in Allah Ya yarda.

Abin da ya fi damuna ba kuɗin ba ne. Ka fi ni sanin yadda hanyoyin Danko da Wasagu suka zama, ba wurin da mota za ta mutu wa mutum a daji ba ne. Don Allah, har sai ta riƙa tashi da makulli ɗaya, kada ka ɗauki lodin da zai kai ka bayan la'asar, kuma kada ka fita kai kaɗai.

Ka gaishe mini da mahaifiyarka, ka ce mata na gode da daddawa, ta iso. Innarka tana gaishe ku duka.

Naka,
Baffanka.